Sanatocin da suka yi tir da mulkin Abacha a 1994

A yankin Funtua da Bakori da Malumfashi, inda aka fi sanin jama'a da noman auduga da masara, kujerar sanata mai wakiltar Katsina ta Kudu tana da tarihin da matasa da dama ba su sani ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe ta, Sanata Abu Ibrahim, yana cikin 'yan majalisar da aka gurfanar gaban kotu a 1994 saboda sun yi tir da mulkin soja.

Rusa majalisa

Ranar 17 ga watan Nuwamban 1993 Janar Sani Abacha ya karɓi mulki daga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan. Nan take ya rusa majalisun dokoki da jam'iyyun SDP da NRC, watanni biyar bayan soke zaɓen 12 ga watan Yuni, wanda aka yi amanna Cif Moshood Abiola ne ya lashe.

Sai dai wasu sanatocin ba su amince cewa sanarwar soja za ta iya ƙwace wakilcin da jama'a suka ba su ba. A farkon watan Yunin 1994, shugaban majalisar dattawan da aka rusa, Ameh Ebute, ya fitar da sanarwa da sunan majalisar, yana kiran Janar Abacha da ya sauka.

Gwamnati ta mayar da martani da kame. An tsare Ebute tare da wasu sanatoci, ciki har da Abu Ibrahim daga Katsina, da Polycarp Nwite, da Bola Tinubu, aka tuhume su da cin amanar ƙasa a Legas. Bayan an ba da belinsu, Tinubu ya tsere ƙasar waje.

Kasancewar ɗan Katsina a cikinsu na da muhimmanci, domin a lokacin ana nuna rikicin 12 ga Yuni tamkar na Yarbawa ne kaɗai.

Dokar tsarewa

Babban makamin gwamnati shi ne Doka ta 2 ta 1984, wadda aka kafa zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari. Dokar ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, bisa dalilan tsaron ƙasa. A 1994 aka ƙara mata ƙarfi, inda aka hana kotuna ba da umarnin a gabatar musu da wanda ake tsare da shi.

Wani ɗan Katsinan kuma ya ɗanɗana kuɗarsa fiye da haka. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, wakili ne a taron tsarin mulkin da Abacha ya kira, wanda a Disamban 1994 ya zartar da ƙudurin cewa sojoji su miƙa mulki ranar 1 ga Janairun 1996.

A watan Maris na 1995 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a asirce, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 25. Taron ya janye wa'adin da ya ɗibar wa sojoji, shi kuwa Tafida ya rasu yana ɗaure a Abakaliki ranar 8 ga Disamban 1997.

Muryoyi daga waje

Da aka toshe bakin majalisa a gida, sai suka ta koma fitowa daga ƙetare. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995, Majalisar Dokokin Turai ta yi Allah wadai da gwamnatin, Tarayyar Turai ta hana sayar wa Najeriya makamai, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila kuma ta dakatar da ita. A watan Disamba babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya bi sahu da nasa ƙudurin.

Irin waɗannan ƙudurori ba su da ikon buɗe ƙofar kurkuku. Obasanjo da Shehu Sani da 'yar jarida Chris Anyanwu ba su fito ba sai bayan mutuwar Abacha a watan Yunin 1998, Abiola kuwa ya rasu a tsare wata guda bayan haka. Amfaninsu shi ne sanya sunayen fursunoni a idon duniya, kuma matsin lambar ƙasashen waje na cikin abin da ya sa aka sassauta hukuncin kisan da aka yanke a shari'ar juyin mulkin 1995.

An soke Doka ta 2 a watan Mayun 1999, gab da komawa mulkin farar hula. Abu Ibrahim ya koma majalisar dattawa a 2003, ya kuma sake wakiltar shiyyar Funtua daga 2011 zuwa 2019. Anyanwu da Shehu Sani su ma sun zama sanatoci, yayin da Tinubu ya zama shugaban ƙasa a 2023.