Gangar goge duwatsu: yadda ake haɗa ta da yadda ake saita gudunta

 Wani makiyayi ya aiko mana da tambaya. Ya ce idan suka sauka da shanu bakin gulbi da rani, yara kan tsinto duwatsu masu launi, ja da fari da ruwan zuma, amma in ya kai kasuwa sai a ce tsakuwa ce, a ba shi abin da bai kai kuɗin goro ba. To shi yaya ake sa dutse ya yi santsi da ƙyalli kamar tsakiyar da mata ke ɗaurawa?

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce. A da, fatake Hausawa sun daɗe suna kai jan dutse daga yankin kogin Kwara zuwa Ilori, inda a lokacin ake gurza shi da hannu a yi dutsen wuyan da ake kira lantana. A garin Kambat na Indiya kuma, a da cikin jakar fata ake zuba duwatsu da ruwa da garin gurza, a yi ta mirgina ta kwana da kwanaki. Injin da muka yi bayani a shirin, aikin jakar nan yake yi, sai dai shi ba ya gajiya.

Kayan haɗi ba su da yawa. Ana buƙatar guntun fayif na roba mai fāɗin santimita 16, tsawonsa kamar 25, da murfi biyu. Shi ne ganga. A shimfiɗa robar tayar mota ta ciki a cikinsa, don ta rage ƙara kuma ta hana duwatsu zamewa. Sai sandunan ƙarfe biyu miƙaƙƙu, da boris huɗu, da fuli biyu, da bel, da injin lantarki, da katako mai kauri. Za a kwantar da sandunan jere da juna a kan boris, a sa musu tiyo don su kama ganga, sannan a ɗora gangar a kansu. Sanda ɗaya kaɗai inji ke juyawa, ɗayar rakiya take yi. Duk mai walda ko bakanike a Jibiya ko Maraɗi ko Ƙonni zai iya wannan haɗi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne wajen gudu. In ganga ta cika sauri, duwatsu sai su manne a jikinta su riƙa zagayawa tare da ita, babu mai gugar wani. Ganga mai wannan fāɗi, da ta haura juyi 100 kaɗan a minti ɗaya, haka za ta yi. Tun kafin a kai nan ma, duwatsu sun fara tashi sama suna faɗowa suna farfashewa. In kuma ta cika nawa, sai su kwanta a ƙasa suna zamewa, a ƙona wuta a banza. Abin da ake so shi ne su hau gefe kaɗan su gangaro a kan juna. Ga irin wannan ganga, juyi 30 zuwa 45 a minti ya isa. In ganga ta fi haka girma, a ƙara rage gudu.

To ga lissafin, ku ɗauki biro. Yawancin ƙananan injinan da ke aiki da wutar gari a Najeriya da Nijar suna juyi wajen 1,400 a minti, a duba ƙarfen da ke manne a jikin injin, an rubuta. A sa wa inji fuli mai fāɗin santimita 4, a sa wa sanda mai santimita 20. Babban ya ninka ƙaramin sau 5, don haka a raba 1,400 gida 5, sanda tana juyi 280. Kaurin sanda da tiyonta santimita 2, ganga 16, wato ninki 8. A raba 280 gida 8, an samu 35. Shi ke nan, an dace.

In kana son rage gudu, ƙara girman fulin sanda ko ka rage na inji. In ƙari kake so, ƙara wa sanda kauri da wani tiyon. Kada ka ce za ka rage gudun irin wannan inji da makunnin fanka, zafi zai yi ya ƙone. Wanda yake ruga ko ƙauyen da babu wuta, yana iya amfani da injin waifar mota, mai aiki da batir na bolt 12 da farantin sola. Shi dama a hankali yake juyawa, sai dai yana ɗaukar zafi, a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa.

Don ka tabbatar, ɗiga fenti a jikin ganga, ka duba agogon wayarka, ka ƙirga sau nawa ɗigon ya wuce a minti ɗaya. Ka yi ƙirgar bayan ka zuba kaya, saboda nauyi na sa bel santsi. Kunne ma alƙali ne. In ka ji shuuu kamar ana rairayar tsaba, lafiya lau. In ka ji ƙwas ƙwas, gudu ya yi yawa ko duwatsu sun yi kaɗan.

Wajen zubi, a cika ganga kashi biyu cikin uku, manya da ƙanana a gauraye, ruwa ya tsaya dab da saman duwatsu. Garin gurzan da ake amfani da shi sunansa silikon kabaid, ya fi dutsen tauri nesa ba kusa ba. Yashin gulbi ba zai yi ba, don taurinsu kusan ɗaya ne. Ana farawa da mai gautsi, lamba 60 zuwa 90, sai 220, sai 500, a ƙarshe garin ƙyalli mai laushi. Cokali huɗu na cin abinci ya ishi kilo ɗaya. Kowane mataki mako guda ne dare da rana, na farkon ma yakan nemi a maimaita. Wato wata guda ko fiye, sannu ba ta hana zuwa. Tsakanin mataki da mataki a wanke komai tas, ƙwaya ɗaya ta mai gautsi tana ɓata aikin ƙarshe. A riƙa buɗe murfi lokaci lokaci, don iska na taruwa a ciki. Ruwan lakar kuma a haƙa rami a zuba, ban da magudana, ban da mashayar dabbobi, don in ya bushe tauri yake yi kamar siminti.

Kafin ka zuba dutse, karce shi da bakin wuƙa. In wuƙa ta ci shi, mai laushi ne, kada ka haɗa shi da masu tauri, zai narke ya zama laka.

Gargaɗi biyu ga 'yan kasuwa. Na farko, dutse na iya rasa kwatan nauyinsa ko fiye a cikin ganga. Saboda haka mai tsada irin safaya ta Mambila, ko duk wani garai garai mai kusurwoyi da ba ka san shi ba, kada ka jefa shi ciki. Irin wannan da awo ake sayensa, a nuna wa masani tukuna. Na biyu, ma'adinai a ƙasashen biyu a hannun gwamnati suke, a Najeriya akwai dokar ma'adinai ta 2007. Wanda zai tara dutse da yawa ya tsallaka iyaka da shi, ya nemi takardar izini tun daga gida, kada jarinsa ya ƙare a shingen kwastan.

Malam makiyayi, ka fara da kilo ɗaya na waɗanda yara suka tsinto. In sun fito, ka nuna wa maƙeran azurfa da masu saida kayan ado, su za su faɗa maka irin launi da girman da kasuwa ke so kafin ka ƙara jari. Allah ya ba da sa'a, sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.