Zazzaɓin yaron da ke karɓar maganin ciwon daji

Ciwon daji yana kama yara ma. Wani irinsa yana kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin makonni kaɗan. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Uganda a 1958, kuma ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Yana jin magani idan an kai yaro da wuri. Daga Arewa, Yamai ake tura mu, tafiyar fiye da kilomita 250 daga Dogon Dutsi.

Haɗarin da muke son a sani yana zuwa ne bayan an komo gida. Maganin yana kashe ƙwayoyin daji, amma yana rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki. Sun fi raguwa tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan ƙarin maganin. A lokacin nan, ƙwayoyin cuta na ƙasa, da na ruwan tabki, da na kashin dabbobi, waɗanda da wuya su kayar da lafiyayyen yaro, suna iya shiga jininsa ta miki, ko ta gyambon baki, ko ta inda aka sa allura. Wasunsu likita ma ba kullum yake ganinsu ba. Sai an ɗebi jini an ajiye a kwalba kwanaki kafin a gane su, don haka ba a jiran sakamako, ana fara allura nan take.

A nan ne muke yawan kuskure. Jiki ya yi zafi, sai mu ce sauro ne, mu sayi ƙwaya a tebur, zafin ya lafa, cutar kuwa tana ci a ɓoye. Idan ma'auni ya kai 38, ko yaro yana makyarkyata, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne, daga Matankari ne ko daga Tibiri. Ko an auna an sami zazzaɓin sauro, a gaya wa likita maganin da yaron yake karɓa.

A gida, a tafasa masa ruwan sha da madara. Kada ya shiga garke, kada ya kwashi taki, kada ya yi wanka a tabki. Mai ba shi abinci ya wanke hannu da sabulu.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta ranar kowane ƙarin magani a littafi, ku riƙe shi tare da takardun Yamai duk lokacin da za ku asibiti.