Yadda sankarar maraina ke zuƙar sukari

Ƙwayoyin cutar sankara sun fi lafiyayyun ƙwayoyin jiki cin sukari.

A shekarun 1920 ne masanin Jamus, Otto Warburg, ya gano cewa suna mayar da sukarin wani ruwa mai tsami, ko da akwai wadatar iskar oksijin.

Sinadarin LDH ne ke wannan aiki, kuma likitoci kan auna shi a jini domin sanin nisan sankarar maraina, wadda ta fi kama 'yan shekara 15 zuwa 35.

Matashin manomi a Kura ko Bunkure na iya ɗaukar ƙullutu marar ciwo a matsayin gwaiwa, ya yi shiru saboda kunya.

To sai dai fiye da kashi 90 cikin ɗari kan warke idan aka gano cutar da wuri.