Cinikin Kayan 'Yan Kokawa: Na Waje Na Cin Kasuwa, Na Gida Asu Na Cinyewa

Duk wanda ya saba ratsa unguwar Tudun Ƙofa ta birnin Keffi, ko kuwa wata unguwa irinta a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ya san da wuya a wuni ba a ga yaro ko saurayi sanye da singileti mai hoton wani ƙato ɗan Amurka, ya murtuke fuska ya ɗaga damtse ba. Idan aka tambayi mai rigar, nan take zai faɗi sunan ƙaton, ko John Cena ne, ko The Rock, ko Roman Reigns, har ma ya ƙara da labarin wanda ya kayar. Amma idan aka tambaye shi wane ne Kantu na Maraɗi, ko kuwa Power Mike, sai a ga ya yi zuru.

Wannan riga da ake saye da 'yan kuɗi kaɗan a wurin mai gwanjo, wani ɗan reshe ne na wani babban ciniki wanda a wasu ƙasashe har kantuna ake buɗewa dominsa kaɗai. A irin waɗannan kantuna ba a sayar da komai sai kayan 'yan kokawar Turawa, wadda samari ke kira resilin, wato riguna da huluna da 'yan tsana da hotuna da ɗamarun zakaru, da kuma tsofaffin kayan da gwanayen suka taɓa sawa a fage.

Yadda Ta Shigo Ƙasar Nan

Kokawar Turawa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Michael Okpala, wanda duniya ta fi sani da Power Mike, an haife shi a garin Neni na Jihar Anambra ta yanzu a 1939, kuma a Kano ne ya fara nuna wasannin ƙarfi yana saurayi. A 1970 ya ci kambun masu nauyi na Afirka, a 1973 kuma ya kayar da Ali Baba, mutumin Labanan. Da ya daina shiga fage a 1976, sai ya koma shirya wasa, ya riƙa gayyato gwanaye daga ƙasashen waje, irin su Mighty Igor da Mil Mascaras. Ya rasu a 2004.

A waɗancan shekaru gidajen talabijin na gwamnati sun riƙa nuna wannan wasa, yara kan cika tagar duk gidan da ke da akwati. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya zo, faifai ya biyo baya, sa'an nan gidajen kallo masu tauraron ɗan adam suka bazu har cikin lunguna. Yanzu kuwa wayar hannu ta kai wasan aljihun kowa.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, wannan kokawa ba irin ta gargajiya ba ce. Tun kafin a shiga fage masu shirya wasan sun riga sun yanke wanda zai yi kaye da wanda za a kayar, ko da yake faɗuwar da raunin da ake ji na gaske ne. Kamfanin WWF da kansa ya shaida wa 'yan majalisar Jihar New Jersey ta Amurka a 1989 cewa nishaɗi yake shiryawa, ba gasa ba. To, a nan ne asirin cinikin yake. Tun da labari ake sayarwa, kowane ɗan kokawa sai an ƙera masa suna da kama da launin tufa da kirarin da za a san shi da shi, kuma duk abin da aka san mutum da shi ana iya buga shi a jikin riga a sayar.

Asalin Cinikin

A shekarun 1980 ne Vince McMahon, mai kamfanin WWF, ya mayar da wannan abu sana'a sosai. A 1984 kamfanin LJN ya fara ƙera 'yan tsanan roba masu kamannin 'yan kokawar, a 1985 kuma aka yi babban taron WrestleMania na farko a birnin New York. Hulk Hogan, wanda ya rasu a 2025, ya kan shigo fage da singileti rawaya ya keta ta a gaban jama'a, 'yan kallo kuwa su yi layi su sayi irinta. A 1996 wata baƙar riga mai ɗauke da rubutun Austin 3:16, ta Steve Austin, ta fito, ta zama ɗaya daga cikin rigunan da aka fi saye a tarihin wasan. Izinin ƙera 'yan tsanan ya yi ta sauya hannu, daga Hasbro a 1990 zuwa Jakks Pacific a 1996, sa'an nan Mattel a 2010. Shi kansa kamfanin ya koma WWE a 2002, a 2022 kuma ya danƙa wa kamfanin Fanatics kantinsa na intanet.

Tsarin kuwa ba shi da wuyar ganewa. Kamfani yakan yi wa suna da tambari rajista, sa'an nan ya ba masaƙa ko maƙera izinin amfani da su bisa yarjejeniya. Duk kayan da aka sayar, kamfani na da kasonsa, ɗan kokawa ma na da nasa. Saboda haka ne manyan kamfanonin suka fi son su laƙa wa ɗan wasa sabon suna wanda su ne masu shi, domin ran da ya bar su, ya bar sunan a nan.

Kantunan Da Suka Shahara

A ƙasar Meziko, hular rufe fuska ita ce darajar ɗan kokawa. Akwai karawar da ake sa hula a caca, wanda aka kayar tilas ya tuɓe tasa ya faɗi sunansa na yanka a bainar jama'a. Wani baduku mai ɗinkin takalma, Antonio Martínez, shi ake dangantawa da ɗinka ta farko a shekarun 1930, zuriyarsa kuma suka gaji sana'ar. Babban gwaninsu El Santo, da ya mutu a 1984, da hularsa mai launin azurfa aka binne shi. Duk daren wasa, 'yan tebur kan kewaye zauren Arena México da huluna iri-iri, daga na yara masu araha har zuwa ɗinkin hannu mai tsada.

A Tokyo ta ƙasar Japan akwai kantin Toudoukan a unguwar Sugamo, wanda ke saye yana sayar da tsofaffin mujallu da kaset da takardun sanarwar wasa da hulunan da aka taɓa kokawa da su. A Chicago ta Amurka kuwa an kafa Pro Wrestling Tees a 2013, inda ɗan kokawar da ba shi da babban kamfani a bayansa zai ba da zanensa, a buga riga idan mai saye ya nema, a ba shi kasonsa. Iyalan waɗanda suka mutu ma suna samun rabo ta wannan hanya.

Wajen tsofaffin kaya kuwa, shaida ita ce kuɗi. Hula biyu na iya zama iri ɗaya, amma wadda aka tabbatar gwani ya sa ta a ranar wata karawa sananniya, ta fi ɗayar tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu kantunan ke neman hoto ko sa hannu ko takardar shaida. Kamfanin WWE kansa ya yi sakaci da kayan tarihinsa a da, har a 2021 aka fara wani shirin talabijin inda wakilansa ke bin gida-gida suna fansar abin da ya ɓace.

Yadda Kayan Ke Isowa Nan

Rigar da ake gani a Keffi ba ta irin waɗancan kantuna take zuwa ba. Hanya biyu take bi. Ta farko ita ce dilar gwanjo, wato tufafin da aka gama sawa a Turai da Amurka, waɗanda akasari ake saukewa a Kwatano domin dokar Nijeriya ta hana shigo da su, sa'an nan su bazu zuwa kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano da Mararraba da ke kan hanyar Keffi zuwa Abuja. Ta biyu ita ce jabu, wato kayan da aka buga ba da izinin masu tambarin ba, riguna da jakunkunan makaranta da hotunan liƙawa a babur. A duka hanyoyin biyu, ko kwabo ba ya kai wa ɗan kokawar. Amma kamfanin bai yi asara duka ba, gama kowane yaro da ya sa rigar ya zama allon talla mai tafiya da ƙafarsa.

Daɗin daɗawa, 'yan asalin ƙasar nan sun fara yin suna a can. Apollo Crews, wanda iyayensa 'yan Tibi ne daga Binuwai, maƙwabciyar Jihar Nasarawa, ya ci wani kambu a WrestleMania ta 2021. Akwai Omos haifaffen Legas, akwai kuma Oba Femi wanda ya zama zakaran sashen NXT a farkon 2025. Wannan ya ƙara wa samari ƙaunar wasan da kayansa.

Ina Na Gida?

Hausawa dai suna da kokawarsu tun kaka da kakanni, wadda ake yi da kaka bayan an kai amfanin gona gida, kuma kayenta na gaskiya ne, ba wanda ya san mai nasara sai an tashi. Tana da kayanta: walki da ɗamara da guraye da kambuna da layu, aikin dukawa, ga makaɗa da maroƙa masu zuga gwani da kirari.

A Jamhuriyar Nijar an ɗaukaka ta ƙwarai. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar Takobi a Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin. Jihohi 8 ke turo 'yan kokawa 10 kowace, watau mutum 80, ƙasa kuma ta tsaya cik tana sauraron rediyo da talabijin har a gama. An raɗa wa filayen kokawa sunayen mazan jiya: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. A zamanin nan Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobin har sau 6. A Nijeriya ma ana kokawa a bikin kamun kifi na Argungu, kuma a watan Maris na 2025 Abuja ta karɓi baƙuncin gasar kokawar gargajiya ta ƙasashen ECOWAS.

Duk da wannan farin jini, abin da ɗan kokawar gida ke samu bai wuce kyautar fage da alherin masu hannu da shuni ba. Ran da ƙarfi ya ƙare, kyauta ta ƙare. Ana buga hotonsa a kalanda, ana tura wasansa daga waya zuwa waya, ba a neman izininsa balle a ba shi wani abu. Walkin da ya yi shekaru yana kaye da shi kuwa, sai ya ƙare a ƙuryar ɗaki, zafi da asu su gama da shi, bayan rasuwarsa 'ya'ya su share su zubar. Haka hotunan masu hoto na da, da kaset ɗin makaɗa irin su Sagalo mai waƙar 'yan kokawa da Ɗan Anace mai waƙar 'yan dambe, kullum raguwa suke yi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Gyaran bai fi ƙarfin jama'a ba. Da farko, wajibi ne ƙungiyoyin 'yan kokawa da na 'yan dambe su wayar wa membobinsu kai, cewa suna da kamanni dukiya ce. Nijeriya na da dokar rajistar tambarin ciniki, tana kuma da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Duk mai son buga hoton gwani a riga, sai ya zauna da shi ko da magadansa a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi kason kowa.

Na biyu, masu sana'a su duba wannan kasuwa. Masu buga riguna da tela da dukawa duk akwai su a kowane gari, abin da ya rage shi ne a haɗa su da masu fage. Gari irin Keffi, mai jami'ar jiha cike da ɗalibai, ga shi kuma a bakin Abuja, ba zai rasa masu saye ba. Wanda ke da tebur a Tudun Ƙofa yana sayar da hoton gwanin Amurka, babu abin da zai hana shi jera na gwanin gida a gefe, in dai ya samu da kyau da araha.

Na uku, gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano, da na Jos wanda aka buɗe a 1952, da na Bubu Hama a Yamai, ya dace su aika ma'aikatansu ga tsofaffin gwanaye tun suna da rai, su karɓi abin da suka yarda su bayar, su rubuta sunan mai kaya da garinsa da ranar da ya yi kaye da shi. Kayan da mai shi ya ɗauka asirinsa ne, a bar masa abinsa.

Su kuma iyaye, akwai nasu nauyin. Ya kamata su fahimtar da yara cewa abin da suke gani a akwati wasa ne na ƙwararru da suka yi shekaru suna koyon faɗuwa, ba abin gwadawa a kan ƙane a tsakar gida ba ne. Idan kuma kaka ta yi, su kai su fage su ga kokawar iyayensu da idonsu, domin wanda bai ga abu ba ba zai yi marmarinsa ba.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsofaffin gwanaye suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya tafi da labarinsa yake tafiya. Allah ya sa hukuma da 'yan kasuwa su farga tun da sauran abin tattarawa, amin.