Kafin Ka Liƙa wa Gurmi Wani Abu: Darasin Banjo ga Makaɗan Zangon Kwatano

Duk makaɗin da ya ɗauko gurmi ko garaya daga Maradi ko Katsina ya sauka Zangon Kwatano ya san abin da ke biyo baya. Abin kiɗan da ya baro gida yana amo tar-tar, kwana biyu a bakin teku sai ya koma magana ƙasa-ƙasa kamar mai mura. Daga nan masu ba da shawara su yi caa. Wannan ya ce a sake tsirkiya, wancan ya ce a je kasuwar Dantokpa a sayo ɗan makirfon nan da ake mannawa, wani kuma ya ce ai ƙarfen da ke kan sanda ne ke ɓata sauti, a tumɓuke shi a huta. Mai gurmi ya kashe kuɗi, ya liƙa wannan ya cire wancan, amon bai dawo ba.

Ba makaɗanmu kaɗai suka sha wannan wahala ba. Akwai wani abin kiɗa a Amurka da ake kira banjo, wanda masu shi suka fi shekara 150 suna ƙara masa kaya don gyara amonsa. Labarinsa ya shafe mu, domin ɗan'uwan gurmi ne na jini.

Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa banjo a tsibiran Karibiyan: ƙoƙon duma, fata a rufe a kai, sanda ta ratsa ƙoƙon, tsirkiyoyi sun hau kan ɗan jaki, wato ɗan itacen nan da ke tsaye a kan fata yana ɗauke da tsirkiya. Wani likita haifaffen Ireland, Hans Sloane, ya ga irinsa a Jamaika bayan ya isa can a 1687, kuma zanensa ya fito a littafinsa na 1707. A 1781 Thomas Jefferson ya rubuta cewa baƙar fata daga Afirka suka zo da shi. A gidan adana kayan kiɗa na Paris akwai wani da Victor Schoelcher ya kawo daga Haiti a 1841, wanda in Bahaushe ya gan shi zai ce gurmi ne aka ɗan sake wa sanda. Masu bincike ba su ɗora asalin banjo a kan abin kiɗa guda ba. Sun fi ambaton akontin na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, amma sukan lissafa gurmin Hausawa cikin dangin da sandarsu ke ratsa ƙoƙo ta fita ta ɗaya gefen.

Da banjo ya shiga hannun masu masana'antu sai ya fara sauya kama. A shekarun 1840 wani maƙerin ganguna a Baltimore, William Boucher, ya riƙa yin sa da kewayen katako maimakon duma, da ƙarafan da ake murɗawa a ɗaure fata ko a sassauta ta. A shekarun 1920, lokacin da banjo ke gogayya da kakakin Turawa a ƙungiyoyin jaz, aka rufa masa wani murfin katako a baya don ya riƙa tura sauti gaba wajen masu sauraro. Aka kuma kwantar da wani zoben tagulla mai nauyi, wanda yakan wuce kilo ɗaya, tsakanin fata da katako. Kamfanin Gibson ya fito da samfurinsa na Mastertone a 1925, kuma irinsa Earl Scruggs ya yi suna da shi bayan ya shiga ƙungiyar Bill Monroe a 1945, yana kaɗawa da yatsu uku sanye da faratan ƙarfe da na roba. Matsalar danshi mai sa fata ta saki kuwa sai a ƙarshen shekarun 1950 suka rabu da ita, bayan kamfanin Remo ya fito da fatar roba ta ganguna a 1957, masu banjo suka ara.

Amma da ƙarar ta yi yawa sai aka dawo ana neman rage ta. Yau mai banjo yakan cusa tsumma ko soso tsakanin fata da sandar ciki, don ya kashe wani siririn ƙara da ke biyo bayan kowane bugu. Yakan maƙala ɗan ƙarfe a kan jaki in yana son ya yi atisaye da dare ba tare da ya tashi maƙwabta ba. Yakan sayi jakuna uku ko huɗu masu nauyi daban-daban yana gwadawa.

Abin da duk waɗannan dabaru suka ginu a kai guda ne, kuma yana aiki a kan gurmi kamar yadda yake aiki a kan banjo. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya ta a zo a gani. In an taɓa ta sai ta girgiza, jaki ya miƙa girgizar ga fata, fata ta tura iska, kunne ya ji. Jaki marar nauyi a kan fata mai tsauri yana sakin ƙarfin bugun gaba ɗaya nan take: sauti ya fito da ƙarfi, da kaifi, ya mutu da wuri. Jaki mai nauyi yana riƙe ƙarfin yana saki kaɗan-kaɗan: sauti ya yi laushi, ya ragu, amma ya daɗe. Duk abin da aka ɗora a kan fata, ko tsumma ne ko makirfo, yana rage mata motsi. Saboda haka babu ƙarin da ke bayarwa kyauta. Kowanne yana ba ka wani abu ne ya karɓe wani.

Mu ma muna da namu ƙarin, kuma ya girmi zoben Gibson nesa ba kusa ba. Dubi kan sandar kuntigi ko garaya ko molo, sau da yawa za ka ga ɗan fallen ƙarfe an huda gefensa an zura ƙananan zobba. Ba ado ba ne. Duk lokacin da aka bugi tsirkiya girgizar tana bin sanda ta isa fallen, zobban su amsa da wani kacau-kacau siriri. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, wanda aka saba yin jikinsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Abin kiɗa ƙarami haka, amonsa gajere ne. Zobban su ke cike gurbin da ke tsakanin bugu da bugu, su fito da kan kowane bugu fili, su kuma ratsa hayaniyar taro, domin siririn sauti ya fi tsere wa surutun jama'a.

Wannan ɗabi'a ta game Afirka. Masu kora a Mali da Gambiya suna da nasu fallen mai zobba da suke sokawa a kan jaki. Gnawa na Maroko suna saka irinsa a kan sandar gimbiri. Masu balafon sukan huda duman da ke ƙarƙashin katakan su liƙe hudar da siririyar yana don ta riƙa zuza. A Zimbabuwe har murafun kwalba ake kafawa a jikin mbira. Ga bambancin kunne ke nan: a wajen mai banjo na Amurka, zuza aibi ce, yakan kwana yana neman ƙarfen da ya kwance don ya ɗaure. A wajen mai garaya kuwa, sauti tsura marar zuza bai cika ba. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kuskure shi ne mutum ya auna kayan gidansu da kunnen wasu.

To, me ya kamata makaɗin Zango ya yi?

Ya fara da fata. Kwatano tana zaune ne tsakanin teku da tafkin Nokuwe, damina biyu take yi a shekara, babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar wajen Satumba zuwa Nuwamba, hunturun ma ɗan leƙe yake yi a Disamba da Janairu ya wuce. Fata tana shan danshin iska ta saki, jaki ya nutse a cikinta, tsirkiya ta kwanta kusa da sanda. Gwajin mai sauƙi ne: ka danna fatar da babban yatsa kusa da jaki. In ta lotsa ba gardama, ko in ka ƙwanƙwasa ta da farce ka ji "dib" maimakon "tan", to ciwon nan yake, kuma babu abin da za ka saya a kasuwa da zai warkar da shi. Maganin wucin gadi shi ne wanda makaɗa suka gada: a shanya a rana na ɗan lokaci, ko a kara kusa da garwashi ana juyawa ana taɓawa da tafin hannu. Kada a matsa kusa da wuta, domin zafi mai yawa yana tsage fata, yana kuma fasa ƙoƙo. Wajen ajiya, a rataye a bango, kada a yar a kan siminti, a sa a jakar yadi ba leda ba. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi farare da ake samu a kwalin sababbin takalma suna shan danshi, jefa 'yan kaɗan a jakar yana taimakawa. In fatar ta gaji gaba ɗaya, a sake rufi, kuma a ɗaure ta da tsauri fiye da yadda za a yi a Arewa. Sai dai mai yin haka ya tuna ranar da zai koma gida cikin hunturu, domin fatar da aka ɗaure a danshi tana iya fashewa a bushewa.

Bayan fata sai jaki, wanda shi ne ƙari mafi araha kuma mafi tasiri. Makaɗi ya sassaƙa biyu ko uku, ɗaya siriri marar nauyi don wasan fili, ɗaya mai ɗan kauri don ɗaki ko ɗaukar sauti. A damina ɗan dogon jaki yana rama nutsewar fata. A tabbatar ƙafarsa ta zauna daram, domin jakin da ke rawa yana haifar da wata zuza ta daban, wadda ba a so.

Sai fallen zobba. A bakin teku iska tana ɗauke da gishiri, ƙarfe yana tsatsa da wuri. Zoben da ya yi tsatsa yakan maƙale a hudarsa ya daina amsawa, ko ya riƙa wani ƙara marar daɗi. Da yawa daga masu cewa ƙarfen ne ke ɓata sauti, tsatsa suke ji. A cire shi, a goge da yashi mai laushi ko takardar goge ƙarfe, a shafa ɗan mai kaɗan a share, kada man ya taɓa fata. Yawan zobba ma abin lura ne. In sun yi yawa sukan binne tsirkiya, in sun yi nauyi ba sa motsi sai an yi bugun ƙarfi. Ana iya ragewa ɗaya bayan ɗaya har a kai inda taɓi kaɗan zai sa su amsa.

Makirfon mannawa shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Amfaninsa a fili yake. Bikin Zango a titi ake yi, ga runfuna, ga janareto, ga 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, masu rigar ɗorawa suna ta hon, ga lasifikar mai kiɗan kwamfuta. Gurmi tsura ba ya iya wannan kokawa. Shi ɗan makirfon nan ba iska yake saurare ba, girgizar abin da aka manna shi a kai yake ɗauka, shi ya sa bai cika jawo kukan lasifika ba kamar makirfon tsaye. Amma yana da halinsa. In aka manna shi a tsakiyar fata zai danne ta, sautin ya fito a shaƙe. Gara a gwada kusa da ƙafar jaki ko can gefen fata, ana matsarwa kaɗan-kaɗan ana saurare. In aka haɗa shi kai tsaye da amfilifaya sau da yawa sautin yakan fito siriri mai cizon kunne, sai an sa ɗan akwatin daidaita sauti a tsakani. A kuma ɗaure wayarsa a jikin sanda, kada ta riƙa gogar fata. Abu na ƙarshe, tunda yana nesa da kan sanda, ba ya ɗaukar kacau-kacau ɗin zobba yadda kunne ke jin sa a fili. Wanda ke son amon ya fito cikakke sai ya haɗa da makirfon tsaye a ɗan nesa.

A nan ne ake yawan yin asara. Mai haɗa sauti, wanda ya koyi aikinsa a kan jita da piyano, yana jin zuza sai ya ɗauka waya ce ta kwance, ya ce, "Malam, cire ƙarfen nan, yana ɓata mana aiki." Makaɗi kuwa, don kada a ce bai waye ba, sai ya cire. Haka ta faru da kora: yawancin faya-fayen da aka ɗauka don kasuwar Turai babu fallen a cikinsu, har yara masu tasowa suka ɗauka haka kora take tun asali. Alhali mutanen Kinshasa sun nuna akwai wata hanya. Ƙungiyar Konono No. 1 ta haɗa makirfonta da maganaɗisun tsofaffin motoci, ta bar zuzar ta ƙaru maimakon ta ɓoye ta, kuma da faifanta ya fito a 2004 wannan amon ne ya ja hankalin duniya.

Saboda haka duk wanda zai ƙara wa gurminsa ko garayarsa wani abu, ya fara tambayar kansa abu biyu: me nake so ya ƙaru, kuma me na yarda ya ragu? Ya sauya abu ɗaya a lokaci guda, ya sa wani ya kaɗa, shi kuma ya koma bayan runfa inda mata da yara ke zama ya saurara, domin abin da mai kiɗa ke ji a ƙirjinsa ba shi 'yan biki ke ji ba. Masu ɗaukar makaɗa a Zango, da masu haya da kayan sauti, su ma da nasu rabon. Ranar biki a ba mai gurmi ɗan lokaci ya gasa fatarsa, ya gwada makirfonsa kafin taro ya cika, kuma in ya ce a bar masa zobbansa, a bar masa.