Wa ke da alhakin ran fasinja?

Ranar 30 ga Nuwamba 2021 sunan Bagwai ya zaga duniya: kwale-kwale ya kife cikin ruwan Watari, jihar Kano, mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi ne ya wuce kima. Gwamnatin Kano ta dakatar da jigila a ruwan, amma fa bayan aikin gama ya gama.

Jirgin Joola na Sanagal ya nutse a 2002 da rayuka 1863. Shari'a ta ɗora laifi kan matuƙin da ya mutu, aka rufe magana. A Italiya kuwa, bayan Costa Concordia ya halaka mutum 32 a 2012, matuƙi ya sha ɗaurin shekara 16, kamfanin ya biya tara.

Mu a Madawa, Buza da Keita ba mu da teku, amma motocin ranar kasuwa haka suke shaƙewa. Ajali gaskiya ne. Sai dai wanda ya karɓi kuɗin mota, ya karɓi amana. In rai ya salwanta, wajibi ne bincike ya kai ga mai motar, kar ya tsaya kan direba.