Hattara Da Masu Raƙuma A Dalar Giza

Uwargida, in Allah Ya kai ki Alƙahira, ko jinya ko ziyarar ɗanki da ke karatu a Azhar, da wuya ki dawo ba ki leƙa Dalar Giza ba, ginin Fir'aunoni da ya haura shekara 4,500. To, ki yi hattara.

A 2019 na raka mahaifiyata asibiti a can. Da ta ji sauƙi muka fita kallo. Wani mai raƙumi ya tare mu da fara'a, ya ce hawa kyauta ne. Ƙanwata ta hau. Raƙumi na miƙewa sai ya ce sauka kuma sai an biya. Yarinya na sama tana kuka, dole muka taɓa kuɗin maganin Hajiya.

Don haka ki yi ciniki tun a ƙasa: hawa da sauka, da fam ɗin Masar, ba dalar Amurka ba. Kada ki miƙa wa kowa tikitinki ko wayarki. Abin da aka cusa miki a hannu da sunan kyauta, mayar da shi. In an matsa miki, nemi 'yan sandan masu yawon buɗe ido.

Guzurin tafiya amana ne. Allah Ya tsare mu.